Babi na Bakwai: Furometazin, Ɗan Gidan Rini a Kantin Kemis

A cikin magungunan da ake sayarwa a kantunan kemis na garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, tun daga Kurfi da Wurma har zuwa Dutsin-Ma, akwai wani rukuni da jama'a ke nema saboda ƙaiƙayi da atishawa da amai, amma abin da ya fi fitowa fili a jikin wanda ya sha shi ne barci. Masana harhaɗa magunguna suna kiran rukunin da sunan masu tare histamin na zubin farko, kuma daga cikinsu akwai kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton, da difenhidiramin da ke cikin wasu magungunan tari, da kuma furometazin, wanda sunan kasuwarsa Phenergan ya fi sunansa na ilimi yaɗuwa. A kan wannan na ƙarshe ne babin zai tsaya, domin ya fi sauran ƙarfin sa barci da yawan ayyuka a jiki, kuma ginin sinadarinsa ya isa ya bayyana dalilin amfaninsa da dalilin haɗarinsa a lokaci guda.

Histamin wani ɗan ƙaramin sinadari ne da jiki ke ƙera wa kansa daga histidin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da ake samu a abinci, sannan ya adana shi a cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda suka fi yawa a fata da hanci da huhu da hanji, wato wuraren da jiki ke haɗuwa da abin da ke wajensa. Idan ƙurar hunturu ko ƙurar sussukar gero ko yawun sauro ko wani abinci da jiki ya ɗauka a matsayin abokin gaba ya taɓa waɗannan ƙwayoyi, sai su saki histamin nan take, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsatso daga cikinsu zuwa cikin nama, jijiyoyin jin ƙaiƙayi su motsa. Abin da ido ke gani shi ne ja da kumburi da majina da hawaye, da kuma fitowar da ake kira borin jini. Adolf Windaus da abokin aikinsa Vogt ne suka fara haɗa histamin a ɗakin gwaji a Jamus a 1907, sai Henry Dale da Patrick Laidlaw suka bayyana aikinsa a jikin dabbobi a Ingila a 1910. An ɗauki fiye da shekara 25 kafin Daniel Bovet da Anne-Marie Staub, a Cibiyar Pasteur ta Faris, su gano a 1937 sinadarai na farko da ke iya tare shi, ko da yake dafinsu ya yi yawa ga mutane, kuma sai a 1942 aka fitar da Antergan, na farko da aka iya bai wa marasa lafiya.

Histamin ba ya aiki sai ya zauna a kan wata kafa ta musamman da ke jikin ƙwayar halitta, wadda ake kira mai karɓa, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai ya shiga kwaɗon da aka ƙera dominsa. An san irin waɗannan kafafe guda huɗu, daga H1 zuwa H4. Ta farko ce ke da alhakin ƙaiƙayi da kumburi da atishawa, ta biyu kuwa, wadda James Black da abokan aikinsa suka tabbatar a 1972, ita ke sa ciki ya fitar da ruwan tsami, kuma daga nan ne aka samo wasu magungunan gyambon ciki. Furometazin yana zama a kan kafar H1 ya riƙe ta a kulle. Ba ya hana ƙwayoyin mast sakin histamin, ba ya kuma taɓa abin da ya tayar da su tun farko, don haka duk abin da yake yi shi ne rufe bakin alamar ciwo na wasu sa'o'i, ciwon kuwa yana nan inda yake.

Asalinsa a masana'antar rini

Tarihin wannan magani ya faro ne daga sana'ar da Bahaushe ya sani sarai, wato rini, sai dai a nan ba da baba da toka ake yi ba kamar a karofin Ƙofar Mata, da sinadaran da ake tatsa daga kwaltar gawayin ƙasa ake yi. A 1876 Heinrich Caro, masanin sinadarai na kamfanin BASF a Jamus, ya haɗa wani shuɗin rini da ake kira metilin, kuma a ƙoƙarin gano yadda aka gina wannan rini ne August Bernthsen ya dafa difenilamin da farar wuta a 1883, ya samu uwar ginin, wadda aka raɗa wa suna fenotiyazin. A 1891 Paul Ehrlich da Paul Guttmann suka gwada shuɗin metilin a kan masu zazzaɓin cizon sauro a Balin suka ga yana aiki, lamarin da ya sa masu bincike suka daɗe suna kyautata zaton cewa a cikin dangin fenotiyazin akwai maganin zazzaɓi da ya fi wannan. Ita fenotiyazin kanta ta yi zamani a matsayin maganin tsutsar ciki na tumaki da shanu. A shekarun 1940, Paul Charpentier da abokan aikinsa a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa suka riƙa liƙa wa ginin wutsiyoyi iri-iri. Abin da suka samu bai yi wa ƙwayar zazzaɓi wani abin kirki ba, amma ya tare histamin da ƙarfi kuma aikinsa ya daɗe a jiki. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai shi ne furometazin, wanda Amurka ta amince da shi a 1951.

Kowace ƙwayar sinadarin furometazin tana ɗauke da zarrar kabon 17, haidirojin 20, naitirojin 2 da farar wuta 1, nauyinta kuma kusan 284 ne a ma'aunin masana sinadarai. Ginin kashi biyu ne. Na farko zobba uku ne a jere manne da juna, na gefe biyu na kabon zalla, na tsakiya kuwa yana ɗauke da farar wuta a sama da naitirojin a ƙasa, kuma saboda waɗannan biyun ginin ba a shimfiɗe yake ba, ya ɗan lanƙwashe daga tsakiya. Wannan kashi ba ya son ruwa, maiƙo yake so. Na biyu gajeruwar wutsiya ce da ta rataya daga naitirojin na tsakiya, mai kabon biyu a miƙe da reshe ɗaya a gefe, wadda ta ƙare da wani naitirojin mai iya karɓar cajin lantarki. Wannan wutsiya ce ta yi kama da wutsiyar histamin, ita ce kuma ke kama kafar H1. Da yake ƙwayar a haka ba ta narkewa sosai a ruwa, ana haɗa ta da asid ɗin haidirokulorik ta zama gishiri, farin gari mai saurin narkewa, wanda da shi ake yin ƙwaya da ruwan sha da na allura.

Farar wutar da ke tsakiyar ginin tana da saurin kama iskar oksijin, musamman idan akwai haske da laima, don haka garin furometazin da ya daɗe a buɗe yakan koma shuɗi a hankali, ya nuna gidan da ya fito. Shi ya sa ake zuba ruwansa a kwalba mai duhu, shi ya sa kuma kwalbar allurar da launinta ya juya ba ta da wurin zuwa sai kwandon shara. Wannan batu ya fi muhimmanci a inda ake baza magani a faranti ko a kan tabarma cikin zafin rana a ranar kasuwa, fiye da yadda yake a ƙasashen da aka rubuta ƙa'idar ajiyarsa.

Wani abin da ke nuna yadda ƙaramin canji ke juya aikin magani shi ne abin da ya biyo baya. Henri Laborit, likitan fiɗa na sojan ruwan Faransa da ke aiki a Bizerte ta Tunisiya, ya lura a ƙarshen shekarun 1940 cewa marasa lafiyar da ya bai wa furometazin kafin tiyata suna samun wata irin natsuwa da ta wuce ta mai jin barci kawai. A watan Disamba na 1950 Charpentier ya haɗa wani ɗan'uwan furometazin wanda wutsiyarsa ke da kabon uku a miƙe, aka kuma ƙara masa zarrar kulorin ɗaya a zoben gefe. Wannan shi ne kulofuromazin, ko Largactil, wanda Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada a asibitin Sainte-Anne na Faris a 1952, ya zama maganin taɓin hankali na farko na zamani. Tsawon wutsiyar ne ya karkatar da shi daga kafar histamin zuwa kafar dofamin a ƙwaƙwalwa. Furometazin ma yana taɓa kafar dofamin, amma kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin yana da sakamakon da za a gani a gaba.

Dalilin barci

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge na ƙwayoyin halitta da suka matse da juna, wanda ke hana yawancin abubuwan da ke yawo a jini shiga, amma abin da ke narkewa a maiƙo yana ratsa shi ba tare da wahala ba, kuma zobban furometazin uku sun ba shi wannan dama. A can cikin ƙwaƙwalwa histamin yana da wani aiki dabam da ba shi da alaƙa da ƙaiƙayi: wani ɗan gungun jijiyoyi a sashen haifotalamus, wanda aka tantance a 1984, yana watsa histamin zuwa sauran sassa domin riƙe mutum a farke, kuma gungun yakan yi shiru idan barci ya zo. Maganin da ya kulle kafar H1 a fata zai kulle ta a nan ma, don haka barcin da yake jawowa ba kuskure ba ne a harhaɗawa, aikinsa ne na asali a wani wuri. Magungunan zubi na biyu, irin su loratadin da setirizin da suka bayyana a shekarun 1980, ba sa shiga ƙwaƙwalwa da yawa, ko dai saboda cajin da ke jikinsu ko kuma saboda wani famfo na furotin da ke bakin shingen yana mayar da su cikin jini, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa loratadin a jerin magungunanta na tilas a madadin kulofeniramin na sha.

Idan aka sha ƙwayar furometazin, wadda ta manya yawanci miligiram 25 ce, aikinta yana farawa cikin kamar minti 20, hanta tana lalata kusan kashi uku cikin huɗu kafin ya kai ga sauran jiki, amma abin da ya tsira yana daɗewa: tasirinsa yakan kai sa'a 4 zuwa 6, wani lokaci har 12. Direban da ya sha da dare a Dutsin-Ma saboda mura, ya ɗauki fasinja da asuba zuwa Katsina ta Kurfi, yana iya jin kansa garau alhali saurin hankalinsa da na ƙafarsa a kan birki sun ragu, haka ma ɗan acaba da mai aiki da injin niƙa.

Bayan kafar histamin, maganin yana toshe kafar wani sinadarin jijiya mai suna asetilkolin, kuma daga nan ne rabin amfaninsa da rabin illarsa suke fitowa. Saƙon da ke tashi daga cikin kunne zuwa cibiyar amai a ƙwaƙwalwa yana bi ta histamin da asetilkolin, shi ya sa furometazin ke hana jiri da aman mota idan an sha shi tun kafin a kama hanya, kuma wani gishirinsa da ake sayarwa da sunan Avomine don haka aka yi shi. Likitoci suna ba da shi ga masu juna biyu da laulayi ya tsananta musu, ana kuma amfani da shi kafin tiyata da bayanta. A ɗaya ɓangaren, toshe asetilkolin yana busar da baki, ya kawo taurin bayan gida da dishi-dishin gani, ya rage gumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga manomi ko mai azumi a zafin watan Afrilu. Ga dattijon da ƙullun mafitsararsa ya kumbura yana iya tsayar da fitsari cak, ga mai wani nau'in hawan jinin ido yana iya tayar da ciwon, ga tsofaffi gaba ɗaya yana kawo ruɗewa da faɗuwa.

Manya a wannan yanki sun fi sanin waɗannan magunguna ta hanyar kulorokwin. Shekaru da dama, kafin Nijeriya ta koma magungunan da ke ɗauke da atemisinin a 2005, kulorokwin ne maganin zazzaɓi na kowane gida, kuma yana jawo wa baƙar fata da yawa wani ƙaiƙayi mai kama da tsirar allura a tafin hannu da na ƙafa da fatar kai, wanda kan hana barci kwana biyu ko uku, har wasu su gwammace zazzaɓin. Al'ada ta zama a haɗa shi da Piriton ko Phenergan, sauƙin da ake samu kuwa bai taka kara ya karya ba. Dalilin ya fito a 2009, lokacin da masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Xinzhong Dong suka nuna cewa kulorokwin yana motsa jijiyar ƙaiƙayi ta wata kafa tasa dabam wadda ba ruwanta da histamin. Ke nan abin da maganin ya fi yi wa mai susa shi ne kwantar da shi barci. Haka ƙaiƙayin karara yake, domin gashin kwanson yana ɗauke da wani furotin da ke aiki ta hanyar da ba ta histamin ba, haka kuma ƙazuwa, wadda ba ta warkewa sai an kashe ƙwaron da ke cikin fata. Sai dai haɗin bai tashi a banza ba ta wata fuskar: a ƙarshen shekarun 1990 Akintunde Sowunmi da Ayoade Oduola na Jami'ar Ibadan sun nuna cewa kulofeniramin da furometazin suna iya dawo wa kulorokwin da wani ɓangare na ƙarfinsa a kan ƙwayar zazzaɓin da ta bijire masa, binciken da zuwan sababbin magunguna ya sha gabansa.

Yara, allura da saran maciji

Inda haɗarin ya fi girma shi ne wajen ƙananan yara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba furometazin, bayan rahotannin mutuwar jarirai da numfashinsu ya yi rauni har ya tsaya, Birtaniya ma tana kan wannan iyaka, Ostireliya kuwa ta ɗaga ta zuwa shekara 6. A ƙauyen da asibiti ke da nisa, kuma rashin tsaro ya sa fita da dare ta zama abin tsoro, ruwan magani mai zaƙi da ke tsayar da amai ya sa yaro ya yi shiru yana da farin jini a wurin uwar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba, kuma babu adalci a ɗora mata laifi. Amma yaron da ke amai da gudawa ruwa yake rasawa, abin da yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, yaron da magani ya kwantar kuwa ba ya sha ba ya kama nono. Bugu da ƙari, yawan barci da rashin kuzari su ne alamun da ma'aikacin lafiya ke dubawa domin gane zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa a damina ko sanƙarau a bazara, kuma idan an riga an ba da maganin barci a gida, ba ya iya bambance aikin ciwo da aikin magani. Ɗan taɓa kafar dofamin da aka ambata a baya shi ma a nan yake bayyana, musamman ga yaron da ruwan jikinsa ya ƙare: wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, abin da a gidaje da yawa za a fassara da iska a nufi wajen mai ruƙiyya, alhali illa ce sananniya da ake warwarewa a asibiti cikin ɗan lokaci. Wasu yaran kuma maimakon barci sai su birkice da kuka da firgita.

Allurar furometazin tana da nata sharaɗin, domin ruwanta mai tsami ne kuma yana ƙona nama. Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a soka ta can cikin tsoka. Idan ta zube a ƙarƙashin fata, ko ta shiga jijiyar da ke kai jini zuwa hannu a maimakon wadda ke dawo da shi, jijiyar tana iya shaƙewa har yatsu su ruɓe. Abin da ya faru ke nan da Diana Levine, wata mai sana'ar kiɗa a jihar Vermont ta Amurka, wadda aka yanke wa hannu a 2000 bayan allurar Phenergan da aka yi mata saboda tashin zuciya. Ƙararta da kamfanin Wyeth ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba ta gaskiya a watan Maris na 2009, kuma a shekarar aka tilasta rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan kwalin allurar. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ke bai wa masu ƙananan kantunan magani bai ƙunshi yin allura ba, kuma wannan magani yana daga cikin hujjojin da suka fi ƙarfi a kan hikimar wannan iyaka.

Akwai kuma wurin da aka daɗe ana dogara da shi ba tare da ya cancanta ba. A lokacin noma da girbi, saran kububuwa yana kai manoma da makiyaya asibiti, kuma maganin dafin maciji, da yake daga jinin doki ko tunkiya ake tace shi, yana iya tayar da bori mai tsanani wanda ke rufe maƙogwaro ya faɗar da bugun jini. An saba yin allurar furometazin kafin a sa maganin dafin domin rigakafi, amma gwajin da aka yi a Barazil aka buga a 1999, da wani mafi girma a Siri Lanka a 2011, sun nuna bai hana borin ba, yayin da ƙaramar allurar adirenalin ta rage shi a gwajin na biyu. Hukuncin ɗaya ne ga wanda zuma ta harba ko allurar fenisilin ta tayar masa da irin wannan bori: adirenalin ne ke ceton rai, mai tare histamin kuwa sai daga baya, don ƙaiƙayin fata.

Ƙarfin sa barcin ya kuma ja maganin zuwa cikin shaye-shaye, domin yana ninka tasirin duk abin da ke danne ƙwaƙwalwa, ko giya ko diyazefam ko tiramadol ko kodin. A Amurka ruwan tari mai haɗin furometazin da kodin ya yi suna a tsakanin matasa, a Nijeriya kuwa ruwan tari mai kodin, wanda wasu nau'o'insa ke ɗauke da difenhidiramin ko kulofeniramin, shi ne gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a farkon watan Mayu na 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta yi, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a Kano. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 2.4 daga cikinsu da ruwan tari. Kodin yana rage wa cibiyar numfashi kuzari, mai tare histamin kuma yana zurfafa barcin da zai hana mutum farkawa ya ja iska, kuma haramcin 2018 kodin kaɗai ya shafa, bai shafi furometazin da danginsa ba, waɗanda har yanzu halal ne a sayar da su saboda masu borin jini da masu laulayi da matafiya suna buƙatarsu.